Wai Latin mataccen harshe ne?

Jama'a, masu cewa nazarin tsofaffin rubuce-rubucen Latin ɓata lokaci ne, ku saurara. Shekaru ɗaruruwa fadar Paparoma tana kafa hujja da wata takarda, wai Sarki Constantine ya mallaka mata yammacin daular Rum. A 1440 Lorenzo Valla ya bi kalmominta ɗaya bayan ɗaya, ya nuna Latin ɗin ba na ƙarni na 4 ba ne, har da sarautun da Rumawa ba su taɓa yi ba. Ashe jabu ce! Da nahawu ya tona asirin. To mu da muka bar wa gara littattafan kakanninmu na Larabci da ajami, gobe wa zai tantance mana tarihinmu?