Tukunyar Tace Ruwa: Ina Ƙarfinta Ya Tsaya?

Malam Edita,

Duk damina jaridu sukan cika da labarin amai da gudawa, amma da wuya a ji an ambaci tukunyar yumɓu mai tace ruwan sha. Mai wannan wasiƙa yana roƙon a ba tukunyar nan fili, a kuma faɗi gaskiyarta duka.

Wani masani ɗan Guatemala, Fernando Mazariegos, shi ya ƙirƙiro ta a 1981. Ana kwaɓa yumɓu da garin katako ko ƙaiƙayin shinkafa, a gasa. Wuta ta cinye ƙaiƙayin, ta bar ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, sannan a shafe tukunyar da ruwan azurfa mai kashe ƙwayoyin cuta. A ɗora ta a bakin bokiti mai famfo, ruwa ya riƙa tsattsafowa, lita ɗaya zuwa uku a awa.

Tana aiki kuwa. Binciken da Joe Brown da Mark Sobsey suka yi a gidajen karkarar Kambodiya ya nuna tana rage bakteriyar E. coli da fiye da kashi 90 cikin ɗari, gudawa kuma ta ragu da kusan rabi a gidajen da ke amfani da ita. A Tamale ta arewacin Ghana, ƙungiyar Pure Home Water ta soma kai ta gidaje tun 2005.

Sai dai bairas ya fi ƙarfinta. Wanda ke sa yara zawo da mai kawo ciwon hanta sun fi ƙofofin ƙanƙanta, da yawansu wucewa suke yi. Saboda haka ruwan jariri, ko na lokacin annoba, gara a tafasa shi ko a sa masa kulorin bayan an tace. Tukunyar da ta tsage kuwa ta tashi aiki, ko da ruwan ya fito garau. A Kambodiya ma fashewa ce babban dalilin da ya sa gidaje suka daina amfani da ita. Haka nan matar da ta wanke bokitin da ruwan rijiya, ko yaron da ya tsoma moɗa ciki, sun mayar da aikin baya.

Maginan tukwane ba su yi wa ƙasar Hausa kaɗan ba, ƙaiƙayi kuma jibge yake a wuraren casar shinkafa. Abin da ya rage shi ne hukumomin lafiya su horar da su, su kuma riƙa gwada kowace tukunya kafin ta shiga kasuwa.

Wassalam,
Wani mai karatu, Kano