Ɗan Talaka Mai Aikin Kuɗi, Koma Makaranta

Maganarmu ta wannan mako a kan samarinmu ne da 'yan matanmu masu aikin kuɗi a ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Muna nufin yaron da ke zaune ƙarƙashin laima da na'urar POS a Kwanar Ɗangora, da kashiyan ƙaramin banki, da magatakardan ƙungiyar manoman shinkafa, da wanda ke riƙe littafin adashin 'yan kasuwa. Waɗannan su ne guminmu ke bi ta hannunsu kullum. Abin da muke faɗa musu shi ne, samun aiki ba shi ne ƙarshen karatu ba. Wanda ya ajiye littafi ran da ya kama aiki, to, ya yanke wa kansa hukuncin zama yaron wani har tsufansa, kuma ya jefa dukiyarmu cikin haɗari.

Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da masara da karatun ma'aikacin banki? Da ruwanka, ɗan'uwa. Bari mu tuna maka yadda sha'anin kuɗi ke juyawa a ƙasar nan.

Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi, a 1877. Ya tashi zamanin da ake ciniki da wuri, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, sa'an nan ya koma sayen gyaɗa da kuɗin Turawa. Da aka buɗe bankin Ingilishi a Kano a 1929, ya kai azurfa kayan raƙumi 20 ya ajiye, alhali sauran attajirai suna binne tasu a tukunya. Mutumin nan ya riga ya girma, ya yi arziki, amma bai ce ya gama sanin kuɗi ba. Ya ga sabon abu ya zo, ya tsaya ya fahimce shi, har ya rasu a 1955 ba wanda ya kamo ƙafarsa. Mutanen Bebeji, wannan naku ne, ba labarin Ingila muka ɗauko muku ba.

Daga nan kuwa sau nawa aka sake lale? A 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira 2. A 2005 Babban Banki ya tilasta wa bankuna su haɗe, daga 89 suka koma 25, har Bankin Arewa da iyayenmu suka sani ya narke cikin Unity. A 2012 Jaiz ya buɗe ƙofa da banki marar kuɗin ruwa. A 2014 aka kawo lambar BVN. A ƙarshen 2022 aka sake fasalin takardun naira, farkon 2023 kuwa ba sai mun gaya wa kowa abin da ya gani ba: manomi ya kawo buhu kasuwa ba takardar kuɗi, mace ta yini a layi, dole kowa ya koyi tiransifa ko yana so ko ba ya so. A 2024 aka ce kowane mai POS ya yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, kuma a watan Disamba na shekarar Babban Banki ya ƙayyade naira 100,000 a rana ga mutum ɗaya mai cirar kuɗi a hannun wakili. Kowace daga cikin dokokin nan da Turanci aka rubuta ta, ba wanda ya zo kasuwar Tudun Wada ya karanta mana. Wa ya kamata ya karanta ya fassara? Ɗanmu mai aikin kuɗi. In shi ma bai sani ba, makaho ke nan ya ja makaho.

Ku dubi abin da ke faruwa ran kasuwa. Mai saye ya nuna waya ya ce ya tura, yaro ya ga saƙo ya sallami kaya, sai da yamma a duba asusu a tarar ba komai, alat ɗin ƙarya ne. Ko kuwa na'ura ta cire kuɗin mutum ba ta biya ba, yaro bai san takardar da zai cika ba, bai san ofishin da ake kai ƙara in banki ya yi biris ba, sai ya ce a yi haƙuri. Haƙurin me? Kuɗin takin wani ne. Ko wani baƙo ya yi ta turo kuɗi masu nauyi ta asusun yaro yana karɓa a hannu, yana ba shi ɗan goro, ashe kuɗin fansa ne ko na zamba. Ran da 'yan sanda suka zo, baƙon ya yi layar zana, ɗan talaka ke kwana a caji ofis. Duk wannan akwai darasinsa, ana koyar da shi, kwana kaɗan ya isa mutum ya san alamun.

Ga kuma waɗanda ke zuwa da alkawarin ninka kuɗi. MMM ta rushe a Disamba 2016 da dukiyar bayin Allah, CBEX ta bi sawunta a 2025. Ma'aikacin da ya yi karatu ya san tambaya ta farko: ina lasisinku, wa ya ba ku? Ya kuma san cewa hukumar NDIC tun 2024 tana lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a babban banki, miliyan 2 a ƙaramin banki, in bankin ya faɗi. Wanda ya kai kuɗinsa wajen da ba lasisi kuwa, sai dai ya kai ƙara wajen Allah. Ba wasa ba ne, a watan Mayu 2023 kaɗai an soke lasisin ƙananan bankuna fiye da 170. Mutum nawa ne a Doguwa suka san suna da haƙƙin bin kuɗinsu in haka ta faru?

To, wannan amfaninmu ke nan mu masu ajiya. Saura amfanin shi ma'aikacin, a nan ne kuma siyasa ta shigo.

Zamanin En'e, aikin baitulmali aiki ne na gata. A Kongo ta Zariya akwai makarantar koyon sha'anin mulki, wadda aka ɗaukaka a 1954, can ake tura malaman kuɗi su yi kwas su dawo a ƙara musu girma. Wa ke zaɓen wanda za a tura? Waɗanda ke riƙe da En'e. Ɗan wa za su zaɓa? Kun sani. Ɗan talaka shi ne mai biyan haraji da jangali, in ya nemi rasit a ce ya yi rashin kunya. Domin haka ne Malam Aminu Kano da abokansa na NEPU, tun daga 1950, suka dage sai talaka ya iya karanta takardar da aka miƙa masa. Da Abubakar Rimi ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali, bai tsaya nan ba, sai da ya kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, don ya san sauke kaya daga kan mutum bai isa ba in an bar shi cikin duhu.

Yau ba En'e, amma halin yana nan. 'Ya'yan manya su ne a ofis mai sanyi, su ake turawa kwas Legas da Landan da kuɗin banki. Namu kuwa an ba su laima da na'ura, ko an ɗauke su aikin kwantiragi suna yawo kasuwa-kasuwa neman masu buɗe asusu, shekara biyar ba ƙarin girma, ran da aka ga dama a sallame su. In kujerar manaja ta buɗe sai a ce ina satifiket? A kawo wani daga nesa wanda bai san bambancin damina da kaka ba ya zauna yana yanke wa manomin Ƙiru ranar biyan bashi.

Amma akwai ƙofa guda da ba hakimi a bakinta. Ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, tana da jarrabawar ƙananan akantoci mai hawa uku, ana ce mata ATS. Wanda ya gama sakandare da sakamako mai kyau, har da Turanci da lissafi, yana iya shiga yana kan aikinsa, ya yi karatu da dare. Mai duba takarda lamba yake gani, bai san ko ɗan sarki ba ne ko ɗan mai tallan rake. Ƙungiyar ma'aikatan banki ta CIBN ita ma tana da tata, har da wadda aka keɓe wa masu aikin ƙananan bankuna. Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ga wanda ba zai iya barin rumfa ba. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar koyar da harkar banki ta Musulunci, inda ake koyon murabaha da mudaraba da salam. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai, gama shi ne cinikin da ake biyan manomi kuɗi tun da damina ya kawo amfani da kaka bisa ƙa'ida sananniya, maimakon abin nan da muka saba gani, a ba ka buhu ɗaya cikin Agusta ka biya biyu cikin Nuwamba.

Ku lura da wani abu kuma. Su waɗannan ƙungiyoyi, ko babban akanta mai furfura ba sa ƙyale shi. Tilas kowace shekara ya halarci darussan ƙarin sani. In mai digiri da mota an ce bai gama ba, kai da ka bar aji shida shekara bakwai da suka wuce, wa ya ce maka ka gama?

Mun san abin da za a ce: ba kuɗi, ba lokaci, ba wuta, kuma daga Riruwai zuwa Kano sai an ratsa dajin Falgore, tafiya ce ta sa'o'i. Gaskiya ne, shi ya sa ba mu ɗora wa yaran nan laifin su kaɗai ba. Ƙananan hukumomin nan huɗu kowane wata suna da kaso daga asusun tarayya. Nawa ne kuɗin buɗe aji ɗaya na yamma a makarantar da ke nan a gine, da fitilar sola da malami ɗaya mai koyar da riƙon littafin kuɗi? Bai kai kuɗin kujerun taron siyasa ɗaya ba. Ga kwaleji a Tudun Wada, me zai hana a yi ajin Asabar da Lahadi a cikinta? Kamfanonin da suka cika kasuwanninmu da na'urori, Moniepoint da OPay da sauransu, suna samun rabonsu a cinikin da ke bi ta na'urorin nan. Muna kira gare su su riƙa zuwa da malamai, su koyar da Hausa, a garuruwanmu. Wanda ya sha romo ya kamata ya sa itace a murhu.

Ku kuma iyayen gida 'yan kasuwa, kada mu boye muku, wasunku ne ke hana yaro zuwa aji don tsoron kada ya waye ya bar rumfa. Wannan hali shi ne wanda muke zargin mahukunta da shi, bai kamata a same shi a cikinmu ba. Yaron da ya iya rubuta shiga da fita, ya iya raba uwar kuɗi da riba, shi zai nuna maka inda dukiyarka ke yoyo. Kuma ran da za ka nemi jari a banki, littafin nan za a fara tambaya, ba rantsuwa ba. 'Yan mata ma a bar su su yi, domin matan aure masu adashi da sana'ar cikin gida sun fi sakin jiki da mace 'yar'uwarsu.

Abin da muke roƙon kowane reshe na jam'iyya a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa shi ne, a taron wannan wata a rubuta sunayen samari da 'yan mata masu aikin kuɗi a mazaɓa, da inda karatun kowa ya tsaya. A zauna da shugabannin kasuwa a ware kwasa ɗaya ta adashi a shekara don biyan kuɗin jarrabawar mutum biyu, a rubuta a littafi, wanda ya ci ya dawo ya koyar da na bayansa kyauta. Sakataren reshe ya kai takardar neman ajin yamma ga shugaban ƙaramar hukuma, ya karɓi shaidar an karɓa, ya aiko mana da kwafe. Za mu buga sunan kowace ƙaramar hukuma da amsar da ta bayar, da ranar da ta bayar.