Motocin hamada a kasuwar Sabha: a leƙa ƙarƙashi kafin a biya

Tun da gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar 2015 da ta haramta safarar 'yan ci-rani, a watan Nuwamban 2023, hanyar Agadas zuwa Sabha ta sake buɗewa a fili. Hilux da Land Cruiser na bi ta Dirku da Madama, su shigo ta Tummo zuwa Gatrun, maƙare da mutane da jarkoki. Mota ba ta daɗewa a wannan aiki. In ta gaji sai a wanke ta, a yi mata fenti, a miƙa wa dillalai. Ana cikin haka, a Afrilun 2025, Babban Bankin Libiya ya karya darajar dinari da kashi 13.3 cikin ɗari, sabuwar mota ta ƙara yi wa talaka nisa. 'Yan'uwanmu da suka tara ɗan abin hannu a aikin gini ko gona, irin waɗannan motoci ne kuɗinsu ke iya kaiwa.

A ganina, abin da ke cinye mai saye shi ne canje-canjen da aka yi wa motar aka yi shiru. Direban hamada kan ƙara sifirin don ɗaukar kaya, ya ƙara tanki, wani lokaci ya sauya inji ko giya da na wata mota. Wannan dabarar sana'arsa ce. Amma kai da za ka yi jigilar iyali zuwa Tarabulus, fiye da kilomita 700, dole ka san abin da ka hau.

Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba, a hau da motar kan rami. A fara da lambar shasi, a gwada ta da takardu, sannan a duba ko samfurin injin ya dace da abin da ke rubuce a farantin kamfani. Notin da sifana ta ci kansa a jikin giya, da sabon gam a bakinta, shaida ce an taɓa buɗewa. Farfela mai walda a tsakiya na nuna an yanke ta don ta dace da giyar da ba tata ba. In babu farfelar gaba kwata-kwata, yawanci ana ɓoye lalacewar giyar ƙafa huɗu ne. A saka ƙafa huɗun a ji: in motar na ɗaurewa tana fizga, wataƙila an sauya aksul ɗaya da wanda haƙoransa ba su yi daidai da na ɗayan ba. Manyan tayoyi kuma na sa mita ta ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi.

Dillalanmu su ma akwai magana a kansu. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye na da haƙƙin mayar da kaya in ya gano an ɓoye masa. Sai dai baƙon da takardun zamansa ba su cika ba, da wuya ya kai ƙara ko'ina. Shi ya sa nake ganin ya kamata shugabannin al'ummarmu su tsayar da cewa duk cinikin mota tsakaninmu a rubuta shi, a lissafa abin da aka canza, shaidu biyu su sa hannu. Allah ya sa mu dace.