Tsaga a Daɓen Jirgi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka al'amarin yake ga jiragen ruwa masu tafiya da iska. Da yawa daɓensu ɓawo biyu ne, da katakon balsa a tsakani. In daɓe ya tsage a gindin mariƙin hannu, ruwa ya shiga, katako ya ruɓe, ƙusoshi su saki.

A 1979 guguwa ta auka wa jirage 303 a tseren Fastnet, tsakanin Ingila da Ayalan, matuƙa 15 suka halaka. Ran irin wannan, mariƙi shi ne ran mutum.

Mu dai muna ganin lalle a ƙwaƙule ruɓaɓɓen katako, a busar, a cike, kana a kafa sabon mariƙi. Shafa fenti bisa tsaga yaudarar kai ne.