Zancen Wata: Wa Zai Biya Kuɗin Gidajen Kambo?

A wannan wata za mu taɓo maganar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato matsugunin 'yan'uwanmu mazauna kambo a Jazira.

Kakanninmu sun iso ƙasar nan, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma hanyar hajji ce ta ajiye su. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga, su ne suka riƙe fartanya tare da mutanen Darfur. Waɗansu sun sami gari nasu, kamar Mai Wurno. Amma da yawa an zaunar da su a bakin magudanan ruwa cikin bukkoki, da sunan zaman wucin gadi. Ga shi wucin gadin nan ya cinye shekara 100, kambo da yawa babu famfo, babu asibiti, babu takardar fili.

Duk sa'ad da aka ta da maganar, sai a shiga turereniya. Hukumar gonakin Jazira ta ce aikinta ruwa da noma. Gwamnatin jiha ta ce aljihunta ba zai ɗauka ba, a nemi ta tarayya. Masu hawasha kuma su ce filin na noma ne. Kowa ya yarda da ciwon, amma ba mai son biyan kuɗin magani.

A watan Oktoba na 2020 yarjejeniyar Juba ta ambaci gidaje da ayyukan jin daɗi ga mutanen kambo, muka ce kakarmu ta yanke saƙa. Sai juyin mulkin 2021, sai yaƙin Afrilun 2023, alkawari ya kwanta a takarda.

Kada a ɗauka maganar bulo da kwano ce kawai. Rikicin Blue Nile na 2022 a kan ƙasa da sarauta ya raba dubban mutanenmu da gidajensu. A Janairun 2025 kuma aka kai wa Kambo Tayba hari, aka kashe mutane. Wanda ba shi da takarda, shi ake fara cewa baƙo ne.

Don haka shawararmu ga dattawa da masu magana da yawunmu ita ce, kada a tsaya jiran gidajen gwamnati. A fara neman a yanka filaye, a ba kowane magidanci takardarsa. Wannan ba ya cin kuɗi kamar gini, mu kuwa mun saba da gayya, za mu ɗora tubali da hannunmu. Bayan haka a nace a rubuta kuɗin ruwa da makaranta cikin kasafin sake gina jiha, da adadinsa da sunan hukumar da za ta biya. Alkawarin da ba a faɗi mai biyansa ba, romon baka ne.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai wata mai zuwa.