Tukunya Kafin Akwati: Batun Sheƙar Gwara a Karkarar Kano

Kowace ranar 20 ga Maris, tun daga shekarar 2010, masu kishin tsuntsaye a ƙasashe da dama suna bikin Ranar Gwara ta Duniya. Wata ƙungiya ce ta ƙasar Indiya ta assasa ranar, kuma daga cikin manyan ayyukanta akwai rarraba ƙananan akwatunan katako masu ƙofa ɗaya, a kafa su a bangon gidaje domin gwara ta sami wurin sheƙa. Dabarar tana da sauƙi, tana da arha, tana kuma da kyau a hoto, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan gobe wani mai kyakkyawar niyya ya ɗauko ta ya kai Dambatta ko Bichi ko Minjibir. Niyyar abin yabo ce, domin gwarar karkarar Kano tana rasa masauki. Sai dai akwatin da aka ƙera don sanyin Ingila ba shi ne zai fisshe ta ba. Abin da take bukata yana nan a hannun maginin tukwane da manomi da uwargida.

Da farko, wajibi ne a bambance tsuntsayen da ake magana a kansu, tunda kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Gwarar da ake yi wa biki a Indiya da Turai ita ce wadda masana ke kira Passer domesticus, mai baƙin maƙogwaro a jikin namiji. Wadda ta saba da tsakar gidan Bahaushe kuwa, mai kai ruwan toka da baya ja-ja-ja, ita ce Passer griseus. 'Yan uwan juna ne, kuma ɗabi'a biyu ta haɗa su. Dukansu a rami suke sheƙa, ba a kan reshe ba kamar kurciya. Dukansu kuma, ko da yake tsaba ce abincin manyansu, da ƙwari da tsutsotsi suke ciyar da 'ya'yansu a kwanakin farko bayan ƙyanƙyasa. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu ya riƙe bakin zaren maganar gaba ɗaya.

A Birtaniya, yawan gwarar gida ya ragu da kimanin kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1977 da 2008, har aka sanya ta cikin jerin tsuntsayen da ake matuƙar damuwa da su a 2002. A birnin Delhi an ayyana ta a matsayin tsuntsuwar jiha a 2012 domin a jawo hankalin jama'a ga ɓacewarta. Darasin da ya fi muhimmanci ya fito ne daga binciken da aka gudanar a birnin Lesta na Ingila, inda aka gano cewa 'yan tsaki da yawa suna mutuwa a cikin sheƙa, ba don rashin ɗaki ba, sai don iyayensu ba sa samun isassun ƙwarin da za su kawo musu. Ke nan akwati a inda babu abinci bai wuce kabari mai ƙofa ba.

Karkarar arewacin Kano kuwa tana da nata tarihi. Yanki ne da jama'a suka yi cunkoso tun ƙarnoni da suka shuɗe, inda ake noma gona ɗaya kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba, ana riƙe ta da takin dabbobi da sharar gari. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin a shekarun 1960 lokacin yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya nuna wa duniya abin da manoman suka daɗe da sani, wato cewa yawan mutane bai hana su barin gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya da kanya a tsakiyar gonakinsu ba. A irin wannan ƙasa gwara ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce. Katangar tubali tana tsagewa ta ba ta rami. Tsakanin azara da bango akwai kafa, ƙarƙashin jinka akwai lungu, bakin indararo akwai maɓoya, rumbu kuma ga rufi ga abinci. A wurin sussuka da shiƙa da gindin turmi tsaba tana zuba, a turke da juji ƙwari suna haihuwa, a shingen burtali tsutsa ba ta yankewa.

Wannan tsari yana sauyawa, kuma duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta ko ta Bichi zai gani da idonsa. Bulo da siminti sun maye gurbin tubali, kwano ya kori jinka da azara, silin ya toshe kafar da ta rage. Hatsin da a da ake zubawa a rumbu da zangarniyarsa yanzu ana cashe shi da inji, a ɗura a buhu, a kulle a sito ko a wuce da shi kasuwar Dawanau. Babu mai hankalin da zai zargi magidanci don ya gina ɗakin da ba ya yoyo, ba ya kuma bukatar yaɓe duk shekara. Amma bangon siminti sumul yake, ba ya da ramin da ko ƙadangare zai shiga. Haka abin yake a gona. Bishiya ba ta yin kogo sai ta tsufa, kuma tsohuwar bishiya ita ce mai gatari da mai gawayi suka fi so. Darbejiyar da ake dasawa tana ba da inuwa da wuri, sai dai ba ta zama madadin kukar da ta shekara ɗari tana ɓoye mujiya da cilakowa da gwara a jikinta ba. Ga kuma feshin maganin ƙwari da na ciyawa, wanda ya zama ruwan dare, musamman tun bayan ɓullar tsutsar nan mai cin masara da dawa a Nijeriya a 2016. Feshi ba ya tantance ƙwaron da ke ɓarna da wanda tsuntsu ke jira.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da bai kamata a kau da kai daga gare shi ba. Manomin da ya kwana yana kaɗa gwangwani a gonar gero zai ce: tsuntsu abokin gaba ne, ina dalilin gina masa ɗaki? Gaskiya ne gwara tana cin hatsi, ba a ɓoye wannan. To amma ba ita ce annobar da ake tsoro ba. Annobar ita ce jan-baki, wanda ke sauka dubu-dubu a gonakin shinkafa da gero da alkama har sai gwamnati ta tura jirgin sama ya yi masa feshi. Jan-baki a jikin ƙaya da ciyayi yake saƙa sheƙarsa, cikin babban taro, ba ya shiga rami, don haka babu tukunya ko akwatin da zai ƙara yawansa. Gwara kuwa biyu-biyu take zama ko ƙaramin garke, mafi yawan abin da take ci tsintuwa ce a ƙasa, kuma lokacin renonta yakan faɗo a damina, daidai sa'ad da tsutsa ke damun shuka.

Ƙasar Sin ta taɓa gwada ra'ayin cewa gwara ɓarauniya ce kawai. A 1958 gwamnati ta sa jama'a su kashe wata 'yar uwar gwara da ke cin hatsinsu, aka hallaka miliyoyi. Cikin ɗan lokaci fara da sauran ƙwari suka yi yawa, har a 1960 aka janye umarnin. Yunwar da ta afka wa ƙasar a waɗancan shekaru tana da dalilai da yawa, amma wannan kuskure ya ƙara wa wuta mai. A nan gida ma akwai izina. Ungulu ta kasance a kowace mahauta da kowace kasuwa a ƙasar Hausa, har ta cika karin magana, babu wanda ya taɓa tunanin ƙirga ta. A 2015 aka sanya ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Gwara ba ta kai wannan matsayi ba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa yanzu ne lokacin aiki, tun abin yana da arha.

Idan an yarda a yi mata ɗaki, to wane iri? A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma ko da damina rana tana da ƙarfi. Akwatin falanki mara kauri, balle na kwano ko roba, tanda yake zama, ga gara tana jiran katako. Tukunyar ƙasa ba ta ɗaukar zafi da sauri, gara ba ta cin ta, kuma garuruwa irin su Dawakin Tofa suna da magina da za su iya fitar da ita a farashin da talaka zai iya. Ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Mai kiwon tattabaru ya daɗe yana kafa musu tsofaffin tukwane, mai zuma kuma yana ɗora amya a kan bishiya ya jira. A wasu ƙasashe ma an bi wannan hanya: a Holan da Ingila an yi ƙarnoni ana rataya wa gwara tukwanen ƙasa a bango, a Istambul kuwa magina na Daular Usmaniyya sun riƙa sassaƙa wa tsuntsaye ƙananan gidaje a jikin bangon masallatai.

Ƙa'idojin aikin ba su da yawa. A sami ƙaramin tulu ko tukunya mai faɗin ciki kamar taki ɗaya na hannu, a rage bakinta da laka har ya zama kafa mai faɗin kimanin santimita 3 zuwa 4, yadda gwara za ta shiga amma babban tsuntsu ba zai iya ba. A huda ƙananan ramuka a ƙasanta domin ruwa ya tsiyaye. A kafa ta ƙarƙashin bakin rufi, sama da mita 2 daga ƙasa, nesa da reshe ko katangar da kyanwa da maciji za su bi. Kowane magini ya san bangon gabas shi ruwan damina ke duka, na yamma kuma shi ke shan ranar la'asar, don haka bangon kudu ko na arewa ya fi dacewa. A bar tazara tsakanin tukunya da tukunya, a kuma share su sau ɗaya da rani bayan 'ya'ya sun tashi. Wanda ke sabon gini ma ba ya bukatar sayen komai. Idan ya roƙi magini ya bar bulo ɗaya da raminsa a buɗe ta waje can sama, ya gama.

Duk da haka, tukunya kashi ɗaya ce cikin uku. Na biyu shi ne abinci, wato a bar shinge da ciyawar gefen gona ba tare da feshi ba, a yi feshin a kan bukata da kuma awo, a bar tsohuwar bishiya mai kogo ko da ta daina 'ya'ya. Masu unguwanni da dagatai, waɗanda tun asali ake neman yardarsu kafin a sare babbar bishiya a wurare da dama, su ne suka fi cancanta su riƙe wannan. Na uku shi ne ruwa. Kaskon ruwa a inuwa, daga Maris zuwa Mayu, yana iya raba tsuntsu da mutuwa. Malamai sun san hadisin da ya nuna cewa abin da tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne a gare shi, kuma huɗuba guda a kan haka za ta isa inda takardar masana ba ta isa ba. Yaron da aka ba amanar tukunya a makarantar firamare ko tsangaya, aka ce ya riƙa lura da ranar da aka kai ciyawa da ranar da 'ya'ya suka fita, da wuya ya koma ya ɗauki danƙo.

Sauran aiki yana wuyan jami'o'i da kwalejoji. Tun 2015 ake gudanar da shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya ƙarƙashin cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos, inda masu sa kai ke shigar da tsuntsayen da suka gani ta wayar hannu. Ɗaliban Jami'ar Bayero da na Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Dambatta za su iya ɗaukar ƙauyuka kaɗan a Makoɗa da Kunci da Gezawa, su kwatanta unguwar laka da unguwar bulo, su kafa tukwane a wasu gidaje su bar wasu, su ƙirga shekara bayan shekara. Sassan nazarin Hausa ma suna da rabonsu, domin sunayen tsuntsaye da karin maganarsu da tatsuniyoyinsu suna bakin dattawa, kuma sunan tsuntsu yakan riga tsuntsun ɓacewa daga bakin yara.

Karkarar Kano ta yi suna a duniya a matsayin wurin da mutum da dabba da bishiya suka zauna a cunkushe ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba. Ginin zamani bai zama dole ya rushe wannan zama ba. Magidancin da ya kafa tukunya ɗaya a ƙarƙashin kwanonsa, ya bar kukar kakansa a tsaye, ya ajiye kaskon ruwa a inuwa, ya riga ya yi abin da ake taruwa a yi wa biki a Delhi da Landan, kuma da kayan garinsu ya yi shi.