BAAHUBALI DA BASHIN "MU HAƊU A LITTAFI NA BIYU"

 

Duk lokacin da aka tayar da zancen labaran yaƙi da aljanu a wannan zaure, amsa ɗaya muke ji: "Ai mu ba mu da kuɗi, ba mu da kwamfutocin da Indiyawa suke da su. A ba mu kuɗin da aka kashe wa Baahubali a gani." Wannan magana ta daɗe tana yawo a tsakaninmu har ta zama matashin da muke ɗora kai mu yi barci. Yau mun zo ne mu janye matashin nan. Muna da'awar cewa alƙalami ne ya fara ci wa Baahubali kasuwa kafin kwamfuta ta sa hannu, kuma abin da alƙalamin ya yi yana cikin ikon duk wanda yake da littafin rubutu na naira ɗari biyu.

Mu fara da abin da ya faru. A watan Yuli na 2015 darakta S.S. Rajamouli ya saki kashi na farko. Fim ne na harshen Telugu daga kudancin Indiya, ba daga Bombay ba inda duniya ta saba jiran manyan fina-finai. An kashe masa kusan rufi biliyan 1.8, ya dawo da sama da biliyan 6. Ranar 28 ga Afrilu, 2017 kashi na biyu ya fito, ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya haura rufi biliyan 10, ya tsaya a wajen biliyan 18. A makon da ya fito a Amurka ya zo na uku a jerin fina-finan da suka fi ciniki. A Japan mutanen da ba su taɓa jin kalma ɗaya ta Telugu ba suka riƙa cika sinima suna kiran sunan jarumin da ƙarfi. Mu nan kuwa ba sai an ba mu labari ba. Daga shagunan tura fina-finai na Funtua da Malumfashi har namu na Karfi, fassarar Hausa ta fim ɗin ta shiga kusan kowace waya. Yaron da bai san inda Indiya take a taswira ba ya san Kattappa.

To, in kuɗi ne sirrin, ga tambaya. A 2023 aka saki Adipurush. Jarumin shi ne dai Prabhas na Baahubali, kuɗin da aka zuba masa ya kai rufi biliyan 5, wato ya ninka na Baahubali na farko fiye da sau biyu. Indiyawa da kansu suka yi masa ca, suka kushe zancen da aka sa a bakin 'yan wasa, cinikinsa ya faɗi warwas bayan kwanakin farko. Haka a 2016 Turawa suka yi Warcraft, dodanni da matsafa cike da allo. Ya tara kusan dala miliyan 439 a duniya, kusan rabi daga Sin, alhali a Amurka inda aka yi shi bai kai miliyan 50 ba. An bar ƙofar kashi na biyu a buɗe a ƙarshensa, amma har yau ba a shiga ƙofar ba. Mutane sun kalli ƙyale-ƙyalen, sun watse, babu tambayar da ta bi su gida.

Baahubali kuwa tambaya ta bi mutane gida, ta kwana da su kusan shekara biyu: me ya sa Kattappa ya kashe Baahubali? A nan ne darasinmu yake, don haka mu tsaya mu kwance ɗinkin mu ga yadda aka yi shi.

Wanda ya ƙaga labarin shi ne V. Vijayendra Prasad, mahaifin daraktan. Abu na farko da ya yi, ya biya mai kallo haƙƙinsa a kashi na ɗaya. Yaron da aka tsinta a kogi ya hau dutsen da ya gagari kowa, ya gano ko shi ɗan wane ne, ya kuɓutar da mahaifiyarsa Devasena daga sarƙar da ta shekara 25 a ciki. An gwabza yaƙi da Kalakeya har aka ga bayansa. An yanke hukuncin wanda zai hau gadon Mahishmati, kuma mun ga dalili: ɗaya ya kashe sarkin abokan gaba, ɗaya ya ceci talakawan da aka yi garkuwa da su. Mai kallo ya ƙoshi. Sai da ya ƙoshi sannan aka jefa masa tambayar.

Abu na biyu, tambayar ta tsiro ne daga halin mutanen cikin labarin. Tun farko an nuna mana Kattappa bawa ne da alƙawarin kakanninsa ya ɗaure shi ga gadon sarauta, ba ya iya saɓa umarni. An kuma nuna mana yana son Baahubali kamar ɗan cikinsa. An nuna mana Sivagami mace ce da in ta furta magana ta zama doka. Waɗannan dokoki uku marubucin ya kafa su da hannunsa, kuma bai karya ko ɗaya ba don ya sauƙaƙa wa kansa. Da amsar ta zo a 2017, babu wani boka da ya faɗo daga sama ya juya wa Kattappa hankali. Dokokin nan ne suka yi karo da juna, mutum ya mutu a tsakaninsu. Har harshen da mayaƙan Kalakeya suke yi sai da aka sa marubuci Madhan Karky ya ƙirƙire shi da kalmominsa da nahawunsa. Wannan duk aikin zama ne da takarda.

Yanzu mu juyo gida. Yaya muke yin namu kashi na biyu? Jarumi ya ɗaga takobi, ko amarya ta buɗe ƙofa ta zaro ido, sai a rubuta "mu haɗu a littafi na biyu". A zamanin littattafan kasuwa an saba raba labari ɗaya gida uku ko huɗu saboda tsadar bugu da aljihun mai saye, wannan uzuri ne da za a iya fahimta. Yau da muke rubutu a WhatsApp da Wattpad babu kuɗin takarda, amma al'adar ta ƙara muni. Shafukan kyauta su ƙare daidai inda numfashin mai karatu ya tsaya, a ajiye lambar asusu. Ba mu ce neman kuɗi da rubutu laifi ba ne, marubuci ma yana cin tuwo. Laifin shi ne mai karatu ya biya, ya shiga, ya tarar marubucin kansa bai san inda labarin ya dosa ba. Sai a yi ta jan zare. Wanda ya mutu a shafi na 40 ya dawo a na 90 wai ashe aljani ne ya ɗauki siffarsa. Takobin da aka ce babu mai iya ɗaga shi sai jinin sarauta, ga wani bafade ya ɗauka saboda marubuci ya shiga lungu ya rasa mafita. Duk manomi a yankinmu ya san bambancin shuka da gyauro. Yawancin littattafanmu na biyu da na uku gyauro ne, abin da ya zube daga girbin farko ya tsiro da kansa ba tare da an yi masa huɗa ba.

Kowane "mu haɗu a littafi na biyu" bashi ne muka ci a hannun mai karatu. In mun saba ci ba ma biya, ranar da wani a cikinmu zai rubuta labarin da ya cancanci kashi biyu, ba zai sami mai ba shi rance ba.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko ciwo: ƙasar da muke dasa labaran. Rajamouli bai ɓoye ba cewa da labaran Mahabharata da Ramayana aka rene shi, kuma daga wannan rijiya ya ɗebo. Kunle Afolayan da ya yi Anikulapo a 2022 da harshen Yarbanci ya yi shi, a tsohuwar daular Oyo, da tsuntsuwar tatsuniyarsu mai tayar da matacce. Fim ɗin ya hau saman jerin Netflix na fina-finan da ba na Turanci ba, kuma a 2024 aka ci gaba da shi a matsayin shiri mai dogon zango. Mu kuwa da zarar matashi ya ɗauki alƙalami zai rubuta labarin jarumta, sai ya tsallaka Birnin Kisra ko Misra ko Farisa, garuruwan da bai san irin ƙasarsu ba, bai san abin da suke ci da safe ba. Sunaye na aro, makamai na aro, har dodon ma na aro. Muna girmama Abdul'aziz Sani Madakin Gini da tsararsa, su suka riƙe wannan fanni a lokacin da soyayya ta cinye kasuwa, kuma sun sa dubban samari karatun Hausa. Amma wanda ya zo bayan mai sharar hanya aikinsa ya ƙara gaba, ba ya tsaya yana sake share inda aka share ba.

Wani zai ce ai Abubakar Imam ma aro ya yi. Gaskiya ne. Ruwan Bagaja, wanda ya rubuta don gasar da Rupert East ya shirya a 1933 yana malami a Midil ta Katsina, akwai abubuwan da ya ɗebo daga littattafan Larabci. Ahmadu Ingawa ma daga labarin wani jarumin Rasha ya samo Iliya Ɗan Maiƙarfi. Amma ku duba abin da Imam ya yi da aron. Ya tayar da Alhaji Imam daga Kwantagora, ya ba shi dalilin fita da kowane Bahaushe zai ji a ƙirjinsa, wato an kunyata wanda ya rene shi a gaban fada, ya haɗa shi da Malam Zurƙe, abokin gamin da har gobe muna ganin irinsa a tasha. Yayansa Bello Kagara ya fara Ganɗoki da yaƙin zuwan Turawa, abin da tsofaffin lokacin suka gani da idonsu, sannan ya wuce da shi duniyar aljanu. Ƙafa ɗaya a ƙasar da mai karatu ya sani, shi ya sa ya yarda ya bi su inda bai sani ba. Masu cewa irin wannan rubutu shirme ne ko ya saɓa wa tarbiyya, su tuna Bello Kagara malami ne kuma alƙali da ya riƙe sarautar Walin Katsina.

Kuma kada kowa ya ce ba mu da abin ɗiba. Mu 'yan Katsina ga labarin Korau da Sanau a ƙofar gidanmu. Sarki ne da al'ada ta wajabta masa kokawa don ya riƙe gadonsa, yana da asirin da ya hana a kai shi ƙasa. Baƙo ya zo daga 'Yandoto. Matar sarki ta tona asirin. Baƙon ya kayar da mai masaukinsa ya yanka shi, gidan sarautar Durɓawa ya faɗi, takobin Gajere yana nan a fadar Katsina har yau. Me ya sa matar ta yi haka? Wane irin barci Korau ya yi a daren farko a gidan wanda ya karɓe shi? Ina 'ya'yan Sanau suka nufa, kuma me suka rantse a kai? Ga tambayar Kattappa tamu ta kanmu, ta shekara ɗaruruwa tana jiran marubuci. Ga kaburburan Durɓi ta Kusheyi, ga rijiyar Kusugu a Daura, ga Jangare birnin iskoki da tsofaffinmu suke ba da labarin sarakunansa da fadawansa. Ko Kannywood ta taɓa gwadawa, a ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Sarauniya ya mayar da tatsuniyar Daskin da Riɗi fim, mutane suka karɓa hannu biyu. Daga nan aka bar gonar ta koma saura.

Ko su masu Baahubali ba su tsira daga wannan doka ba. A 2018 Netflix ta sanar da shiri mai dogon zango a kan ƙuruciyar Sivagami, an zuba kuɗi, an ɗauki wani ɓangare, daga baya aka jingine shi. Magoya baya sun shekara suna roƙon kashi na uku, amma abin da Rajamouli ya kawo sinima a Oktoban 2025 shi ne kashi biyun nan a haɗe wuri guda. Mutumin da sunan fim ɗinsa kaɗai zai cika sinima bai yi gaggawar ɗora na uku a kan labarin da ya riga ya rufe ba. Mu da ba mu gama tsara babi na biyar ba har mun yi alƙawarin littafi na biyar.

Saboda haka ga abin da muke nema daga duk mai shirin rubuta labarin jarumta ko na aljanu a wannan zaure. Kafin ka saki shafin farko, rubuta ƙarshen labarin ka ajiye. Rubuta dokokin duniyarka a takarda guda, abin da tsafi yake iyawa, abin da ba ya iyawa, da abin da yake ci wa mai shi, sannan ka riƙe su ko da za su kashe maka jarumin da kake so. Je wurin tsoho ɗaya a garinku ka tambaye shi labarin dutsen ko kukar da ake hana yara zuwa. In ka gama littafi na ɗaya, ba wani ya karanta, ka tambaye shi ko ya ƙoshi. In ya ce ya ƙoshi kuma yana son ƙari, ka sami izinin na biyu. In ya ce an yanke masa ne a tsakiya, koma ka ƙarasa.

Wanda yake ganin mun yi tsauri, fili nasa ne, ya kawo hujja mu tattauna cikin mutunci kamar yadda muka saba. Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.

Daga Karfi, ƙaramar hukumar Malumfashi, Jihar Katsina.